Bayan yankewar tallafin Amurka: Yadda shugabannin ƙungiyoyin agaji ke hana gwiwarsu yin sanyi

Ranar Juma'a, 24 ga Janairun 2025, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ba da umarnin a tsayar da aiki a kusan dukkan shirye-shiryen da ƙasar ke ɗaukar nauyinsu a ƙetare. Kwana huɗu kafin nan, a ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan takardar dakatar da tallafin na tsawon kwana 90 domin a yi nazari. Kafin mako ya zagayo, wasiƙu sun cika akwatunan saƙo na ƙungiyoyi a Abuja da Maiduguri da Yola da Damaturu. Abin da ke ciki bai da yawa: a dakata, kada a ƙara kashe ko kwabo sai an ji daga gare mu.

Wanda bai taɓa riƙe ƙungiya ba zai ɗauka cewa wannan magana ce ta lissafi da kasafi. Ga shugaban da ya buɗe wasiƙar kuwa, fuskokin mutane ne suka fara zuwa masa. Akwai direban da ya shekara takwas yana kai ma'aikata ƙauyuka, da akantan da matarsa ke gab da haihuwa, da mai gidan hayar da zai aiko a ƙarshen wata, sannan ga matan da aka ce su dawo ranar Talata da 'ya'yansu domin a sake auna su. Shi ne zai tsaya a gabansu duka ya yi bayani, alhali shi kansa bai san abin da gobe za ta haifar ba.

Abin bai tsaya a kwana 90 ba. A ranar 10 ga Maris, Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, kuma daga 1 ga Yuli hukumar ta daina gudanar da tallafi baki ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta yi abin da za ta iya cikin gaggawa. A watan Fabrairu Majalisar Zartaswa ta amince da Naira biliyan 4.8 domin sayen magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, Majalisar Dokoki kuma ta sanya Dala miliyan 200 a kasafin 2025 domin cike giɓin da aka bari a fannin lafiya. Amma ramin ya fi ƙarfin abin da aka zuba. A watan Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas, kuma cibiyoyin kula da tamowa sama da 150 a Borno da Yobe za su rufe. A cikin watan ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Katsina a watanni shida na farkon shekarar. Ita MSF ba ta karɓar kuɗin gwamnatin Amurka, amma idan maƙwabta suka rufe ƙofa, kowa wurinta yake nufa.

Duk wannan ya zo ne a kan wani ciwon. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ƙungiyar da ta tsara kasafinta da Naira ta wayi gari kuɗin man mota kaɗai ya cinye rabon da ta ware wa horaswa.

To, me ke sa wasu shugabannin su ci gaba da fitowa ofis da safe a irin wannan hali, wasu kuma su kulle ƙofa su nemi wata sana'a? Ba a nan aka fara ganin tsanani ba, don haka ya dace a duba waɗanda suka daɗe a fagen.

Aikin da ya riga mai tallafi zuwa

A shekarar 2007 wani lauya a Maiduguri, Zannah Bukar Mustapha, ya buɗe makarantar Future Prowess da yara 36, galibinsu marayu. Shekara biyu bayan nan rikicin Boko Haram ya ɓarke, garin ya cika da marayu da matan da mazajensu suka mutu. Ya yanke shawarar da mutane da dama suka ga kamar ganganci ce: ya karɓi 'ya'yan mayaƙan da aka kashe, ya karɓi 'ya'yan sojoji da 'yan sanda da fararen hular da mayaƙan suka kashe, ya zaunar da su a aji ɗaya, kyauta, da abinci da kayan makaranta. A shekarun da ake ƙona makarantu a Borno, tasa ta ci gaba da karatu. Zuwa 2017, lokacin da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, ɗaliban sun kai 540. Amincin da ya samu daga ɓangarorin biyu ne ya sa ya shiga tsakani wajen sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016 da wasu 82 a Mayun 2017.

Abin lura a tarihin wannan makaranta shi ne jerin yadda abubuwa suka zo. Aikin ne ya fara, masu tallafi suka iske shi a kan hanya. Ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan akasin haka aka haife su: an ga sanarwar tallafi, aka yi rajista, aka rubuta buƙata daidai da abin da mai kuɗi ke son ji. Bana aikin ruwan sha, baɗi wayar da kan masu zaɓe, shekara ta uku sauyin yanayi. Shugaban irin wannan ƙungiya ba lallai ne ya zama mugu ba, sau da yawa ma mai ƙoƙari ne. Sai dai ranar da kuɗin ya yanke ba shi da abin da zai riƙe, domin bai taɓa tsayar da abu guda ya ce wannan shi ne nawa ba. Wanda ya san sunayen yaran da ke ajinsa yana da dalilin tashi da asuba ko da asusun banki ya bushe. Zai rage ma'aikata, zai koma ƙaramin ofis, zai sayar da mota ɗaya, amma ya san abin da zai bari a ƙarshe idan komai ya tafi.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba, wato girman aikin. Shugaban da ya ɗora wa kansa kawar da talauci a Najeriya kullum cikin faɗuwa yake, domin ba ranar da zai kwanta ya ce yau na gama. Wanda ya ce yara arba'in za su ci jarrabawar shiga sakandare a bana yana iya ƙirgawa a watan Satumba. Ƙananan nasarori irin waɗannan su ne abincin zuciya a wannan aiki, kuma masu daɗewa a cikinsa sun iya tsintar su.

Biyu a kan kaya ɗaya

A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa jagorantar matasan da ke gaba da juna. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, suka kafa abin da ya zama Cibiyar Sasanci Tsakanin Addinai. Fasto Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya shafe shekaru suna tafiya tare alhali zuciyarsa ba ta gama hucewa ba.

Tarihin aikinsu cike yake da koma-baya. Shekara biyar da farawa, rikicin shari'a na 2000 ya raba Kaduna gida biyu. A watan Agustan 2002 suka taimaka aka tara malaman addinan biyu su 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya tashi. Da wani ne, da ya ce aikin banza ne ya naɗe tabarmarsa. Su kuwa suka wuce Filato bayan kashe-kashen Yelwa da Shendam na 2004, suka zauna da al'ummomin har aka cimma yarjejeniya a 2005. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya sake zuwa ya tarar da su. A Maris ɗin 2025, daidai lokacin da ake soke shirye-shiryen tallafi, Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta ba su lambar yabonta ta zaman lafiya ta farko, shekara 30 da fara tafiyar.

A ganina sirrin ɗorewarsu bai rasa nasaba da kasancewarsu su biyu. Shugabanci a ƙungiyar agaji kaɗaici ne mai nauyi. Ba za ka kai kuka wurin ma'aikatanka ba, domin kai suke kallo su samu natsuwa. Ba za ka kai wa mai tallafi ba, kada ya ga rauni ya janye. A gida kuma an gaji da jin labarin ofis. Wanda ke da abokin ɗaukar kaya, ko mataimaki na gaskiya, ko kwamitin amintattu mai zama da gaske maimakon sunayen da aka jera a takardar rajista, yana da inda zai sauke numfashi. Tun bayan yankewar tallafin, shugabannin da a da ke gasa a kan kwangila ɗaya sun fara raba ofis da mota da akanta, abin da da can girman kai ba zai bari ba. Wuya ta koya musu abin da tarurrukan ƙara wa juna sani a otal-otal ɗin Abuja suka kasa koyarwa.

Masu yaƙi da shan inna su ma sun san ɗacin komawa baya. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi saboda jita-jita, sai a tsakiyar 2004 aka dawo. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mafi yawansu mata. Daga Yulin 2014 aka yi shekara biyu ba a samu yaro ko ɗaya da ainihin ƙwayar cutar ba, ana shirin murna sai ga ta a Borno a Agustan 2016, aka koma ƙirga daga farko. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Dokta Tunji Funsho, likitan zuciya da ya jagoranci kwamitin shan inna na ƙungiyar Rotary a Najeriya a matsayin ɗan sa-kai, ya shiga jerin mutum 100 masu tasiri na mujallar Time a shekarar. Shi da sarakunan Arewa da dubban matan da suka riƙa bi gida-gida sun yi aiki ne da ma'aunin shekaru, kuma wanda ke auna aikinsa da shekaru ba ya firgita da mummunan wata guda.

Fata ba ta biyan albashi

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Ana yawan yi wa shugabannin nan wa'azin haƙuri da tawakkali, kuma babu shakka imani na riƙe da yawancinsu, Musulmi da Kirista. Amma mai gidan haya ba ya karɓar tawakkali. Shugaban da ke iya yin barci da dare shi ne wanda ke da ajiyar albashin wata uku ko shida, kuma irinsu kaɗan ne, saboda dalilin da ba laifinsu ba ne kacokan. Yawancin masu tallafi na biyan kuɗin aiki ne kawai, ba sa son jin kuɗin haya ko gyaran janareta ko ajiya. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu tallafi sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida kai-tsaye gwargwadon iko. Ba a cika alƙawarin ba. Ƙungiyar gida ce ke shiga ƙauyen da baƙo ba zai iya shiga ba, amma ita ce ta ƙarshe a layin kuɗi, kuma ita ce ta farko da ake sallama.

Nan ne tsofaffin hanyoyinmu suka sake samun daraja. Tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 da marigayiya Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko, ta karɓi tallafin waje a lokuta da dama, amma gindinta na kan rassa da mambobin da ke ba da gudummawa da lokacinsu, shi ya sa makarantunta da asibitocinta suka ga zuwan masu tallafi da tafiyarsu. Haka majami'u suka riƙe asibitocin mishan shekara da shekaru da baikon masu ibada. Zakka da wakafi, da gidauniyoyin attajiran gida irin na Aliko Dangote da T.Y. Danjuma, da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, duk ƙofofi ne da aka yi sakaci da su lokacin da Dala ke zuba. Ba za su cike gurbin USAID ba, kuma duk wanda ya ce za su cike a shekara ɗaya ko biyu yana faɗin son ransa ne. Amma Naira dubu biyar da mutum ɗari biyu ke bayarwa duk wata tana da wata albarka da Dala ba ta da ita: ba wanda zai zauna a wata ƙasa ya soke ta da sa hannu ɗaya.

Gajiyar da ba a faɗa

Mai karatu da ke aikin gwamnati ya san cewa komai ƙarancin albashi, akwai hutun shekara na kwana 30 ga manyan ma'aikata, akwai fansho, akwai tabbacin cewa kujerar na nan gobe. Ma'aikacin ƙungiya yana kan kwantiragin shekara ɗaya ne, wani lokaci wata shida. Shugabansa kuwa sau da yawa shi ne wanda ya kafa ƙungiyar, kuma yana ganin idan ya tafi hutu komai zai rushe. Da yawa sun shekara biyar ba su huta ba, suna alfahari da hakan, har hawan jini ya kwantar da su. Wannan ba jarumta ba ce. Ƙungiyar da ba za ta iya yin mako biyu ba tare da mai ita ba tana cikin haɗari tun kafin tallafi ya yanke.

Ga masu aiki a fagen rikici, akwai nauyin da ya fi gajiya. A ranar 1 ga Maris ɗin 2018 aka sace ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar Red Cross ta duniya a garin Rann, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman. An kashe Saifura a Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba. Duk shugaban da ya taɓa sa hannu a takardar tura ma'aikaci wani gari ya san tambayar da ke hana barci bayan irin wannan labari. A al'adarmu kuma ba a saba babba ya ce zuciyata ta gaji ba, sai a ce ya yi haƙuri, a wuce wurin.

Dokta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta jagoranci shirin sauya tunanin masu tsattsauran ra'ayi a Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro har zuwa 2015. Da ta bar gwamnati ba ta ajiye aikin ba, ta kafa Gidauniyar Neem, wadda ta riƙa kai masu ba da shawara unguwannin Maiduguri a cikin Keke Napep domin su saurari waɗanda rikici ya taɓa. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, irin wannan aiki ya taimaka wajen cire kunya daga maganar. A hankali wasu ƙungiyoyi sun fara gane cewa mai sauraren baƙin cikin mutane daga safe zuwa yamma shi ma yana buƙatar wanda zai saurare shi, har da shugaban.

Sannan ga zargi. A Satumbar 2019 sojoji suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Arewa maso Gabas, aka ɗage dakatarwar a ƙarshen Oktoba. A Fabrairun 2025 wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya yi iƙirarin cewa kuɗin USAID ya kai ga Boko Haram. Jakadan Amurka a Najeriya na lokacin, Richard Mills, ya ce babu wata shaida, amma maganar ta riga ta zaga gari. Gaskiya ne akwai ƙungiyoyin da ofishinsu bai wuce jakar hannu ba, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Masu aikin gaskiya su ke biyan bashin. Waɗanda suka fi jure wannan su ne masu littattafan kuɗi a buɗe, waɗanda ke kai rahoton shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni a kan lokaci, suna gayyatar mai unguwa da jami'in ƙaramar hukuma su ga abin da aka raba da idonsu. Mai tsabtataccen lissafi yana jin zafin zargi, amma ba ya jin tsoron a buɗe fayil.

Fayil ɗin kuwa a kan teburin wani daga cikin masu karanta wannan jarida yake. Sabunta rajistar ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa yana Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziki. Takardar yafe harajin shigo da kayan agaji tana Ma'aikatar Kuɗi. Izinin magani da abinci yana hukumar NAFDAC, sakin kaya a tashar jiragen ruwa kuma yana hannun Kwastam. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da bai da dalili, kuma ba wanda ya ce a sa hannu ido rufe. Amma yana da kyau jami'in da takardar ta kwana a gabansa ya san abin da ke cikin kwantenar. Katan ɗaya na abincin maganin tamowa, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da mai da sukari, yana ɗauke da ƙunshi 150, kuma shi ne kusan abin da yaro ɗaya mai tsananin tamowa ke buƙata na mako shida zuwa takwas kafin ya miƙe. Yana da ranar lalacewa da aka buga a jikinsa, kuma kuɗin ajiya a tasha yana hawa kowace rana a kan ƙungiyar da ta riga ta sallami rabin ma'aikatanta. Daga Yuni zuwa Satumba, kafin sabon hatsi ya shigo, shi ne lokacin da layin iyaye mata ya fi tsawo a ƙofar cibiyoyin.